Ina Abawar Take? Sharhi Kan Maganar "Warware Zare Da Abawa"

Da wuya mai sauraron rediyon Hausa ya yi kwana biyu bai ji an ce wani ya warware zare da abawa ba. Kwamishina ya warware zare da abawa kan kuɗin taki. Jaruma ta warware zare da abawa kan mutuwar aurenta. Kakakin hukuma ya warware zare da abawa kan mutanen da aka kama. Haka abin yake a kanun jaridu, haka yake a shafukan Facebook. Har ta kai duk editan da kanun labari ya ƙi zo masa, sai ya miƙa hannu ya ɗauko wannan magana kamar yadda mai miya take ɗauko gishiri.

Zare dai kowa ya san shi, ko yaron da ake aika shagon tela ya taɓa riƙe shi. Amma je ka majalisar matasa a nan Pumpumre, ko a Fagge ta Kano, ko a Tudun Wadan Zariya, ka tambaya mece ce abawa. Wani zai ce maka ƙarashen magana ce kawai don ta yi daɗin faɗa, wani ya yi dariya ya ce wataƙila matar zare ce. Da yawa daga cikin masu furta ta a gaban makirfo safe da yamma ma ba su fi su sani ba.

Abin da nake son nunawa a wannan sharhi shi ne, rashin sanin nan yana da farashi. Maganar tana ɗauke da alkawari mai nauyi, kuma tun da aka manta abin da ke cikinta ake raba alkawarin nan kyauta ga duk mai muƙamin da ya buɗe baki. Wanda ke biyan kuɗin kuwa mai sauraro ne.

Mece ce abawa?

Kafin inji ya zo, auduga takan bi ta hannaye da yawa kafin ta zama tufa, kuma mafi yawan hannayen nan na mata ne. In an ɗebo ta daga gona, sai a gurje ta a kan magurji da ɗan sandan ƙarfe, a fitar da angurya. Sai a yi shiɓa da ɗan baka, a riƙa kaɗa tsirkiyarsa cikin audugar har ta tashi ta yi laushi, dattin cikinta ya zube. Daga nan a naɗe ta, mai kaɗi ta zauna da mazarinta da ɗan allin da take shafawa a yatsu don kada su yi mata santsi.

A nan ne hanya ta rabu biyu. In mai kaɗin ta ja audugar siririya, ta bar mazari ya murɗe ta tamau, abin da ya fito shi ne zare: siriri, mai ƙarfi, mai jure ja. In kuwa ta sassauta hannu, ta bar abin da kauri da laushi, murɗin bai yi tsanani ba, to wannan ita ce abawa. Auduga ɗaya, hannu ɗaya, amma abu biyu ne daban, kowanne da aikinsa da farashinsa a kasuwa.

Aikin nasu a masaƙa yake bayyana. Da zare masaƙi yake wadari, wato shi ake miƙewa a tsawo daga farkon saƙa har ƙarshenta, shi ke ɗaukar ja da bugu. Abawa kuma ita ake sa wa a ƙoshiya tana kai da kawowa a kwance, tana ratsa zaren, tana cike tsakaninsa. Zare ne ƙashin tufa, abawa ce tsokarta. Ɗumin da mutum ke ji in ya lulluɓa da gwado ko luru a tsakiyar hunturu, yawancinsa aikin abawa ne. Ana iya saƙa tufa mai tsada da zare a tsaye da kwance, amma ba a wadari da abawa, domin da an ja ta da ƙarfi za ta tsinke. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Wannan ba ilimin wasu tsiraru ba ne a wancan zamani. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da saƙa da rini su ne ginshiƙin arzikin birnin, har ya ƙiyasta cewa tufar da Kano ke sayarwa a waje tana kai wuri miliyan 300 a shekara, in an yi ƙasa-ƙasa. A watan Yuni na wannan shekarar ya ƙetare Binuwai a inda kogin Faro ke haɗuwa da shi, yamma da Garwa, a kan hanyarsa ta zuwa Yola. Abin da ya tarar ana ciniki da shi a Adamawa ba wuri ba ne, 'yan siraran saƙar auduga ne da Fulani ke kira leppi, kamar yadda Barebari suke da gabaga. Wato a ƙasar nan tamu, an yi zamanin da zare da abawa su ne kuɗin kansu. Mutumin da za a biya shi da tufa dole ya iya duba saƙa, ya gane mai kyau da ta algus. Daga bakin irin waɗannan mutane maganar ta fito, kuma duk wanda ya ji ta a lokacin yana ganin hotonta a idonsa.

Takwarorinta a wasu harsuna

Don a gane matsayin abawa sosai, yana da kyau a dubi makamantanta a harsunan mutanen da tufarsu ta asali ba auduga ba ce. A tsohuwar Masar da ƙasashen Turai, tsiron da aka dogara da shi shi ne wanda Larabawa ke kira kattan, wanda daga jikinsa ake samun yadin lilin. Da lilin Misirawan farko suke naɗe gawarwakin sarakunansu, a yau kuma Faransa ce kan gaba a duniya wajen noma shi don zare, musamman a yankin Normandi. Ba ya cikin amfanin gonarmu, amma duk wanda ya taɓa ganin yadda ake fitar da igiya daga rama, wadda Fulanin nan ke kira gabayji, ya ga rabin aikin. Akan jiƙa karan har ya fara ruɓewa, a shanya, a bubbuge, sannan a taje da wani mataji mai haƙoran ƙarfe. Dogayen silillan masu santsi su rage a hannu, da su ake yin lilin mai kyau. Gajerun kuma masu kaushi, waɗanda suka cukurkuɗe, su maƙale a matajin.

Wannan ragowa tana da suna a kowane harshe na masu noman kattan. Faransawa suna ce mata étoupe, daga kalmar Latin stuppa. Mutanen Ingila suna ce mata tow, kuma suna da wata tsohuwar kalmar, hards, wadda yanzu sai a ƙamus ko a bakin masu sana'ar ake jin ta. Larabawa kuwa mushaƙa suke cewa. Ɗalibanmu na hadisi sun haɗu da wannan kalma ko ba su lura ba: a babin sihiri na Sahihul Buhari, inda aka ambaci abubuwan da aka haɗa aka yi wa Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, sammu da su, wata ruwaya ta zo da mushaɗa, wato gashin da ke fita in an taje kai, wata kuma ta zo da mushaƙa, ragowar kattan. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma dukkansu abin da ya rage ne a haƙoran mataji.

Da wannan ragowa ake toshe tsagar jirgin ruwa, da ita ake saƙa buhu, da ita kuma ake yi wa talaka da bawa riga. Booker T. Washington, wanda aka haifa cikin bauta a jihar Bajiniya ta Amurka a 1856, ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa na 1901 cewa yana yaro babu azabar da ta kai masa sa sabuwar riga ta ragowar kattan, saboda yadda take sukar fata, har yayansa kan karɓa ya sa ta na wasu kwanaki don ta yi laushi kafin ya ba shi.

A nan ne bambancin yake, kuma a nan ne nake ganin masu fassara abawa da "zare mai kaushi" ko "zare maras kyau" suke zaluntar ta. Étoupe da tow da mushaƙa sunaye ne na abin da ya rage bayan an cire mai kyau. Abawa ba ragowa ba ce. Da gangan ake kaɗa ta a haka, daga audugar da ake kaɗa zare da ita, domin akwai gurbin da ita kaɗai ke cike shi. Ƙamusoshinmu, tun daga na Bargery na 1934, sun adana mana kalmar, kuma sun cancanci godiya. Sai dai layi ɗaya na ƙamus ba ya iya nuna wa mutum masaƙa, kuma wanda bai ga masaƙa ba zai ɗauka abawa ƙanwar zare ce da ba ta yi sa'a ba.

Su ma waɗancan kalmomi sun bar sawu a bakin mutanen da ba su taɓa ganin kattan ba. Kalmar nan tamu "layi" daga Ingilishi muka aro ta, su kuma asalinta a wurinsu kalmar Latin ce mai nufin zaren lilin. Masana asalin kalmomi da dama suna mayar da "stop" ɗin da ke rubuce a mararrabar titunan Garwa zuwa ga stuppa, wato toshe rami da ragowar kattan. Faransawa kuma suna da wata tsohuwar magana ta cinna wa étoupe wuta, ma'ana tayar da rikici, don abu ne mai saurin kamawa. Da étoupe ta ɓace daga gidajensu, sai maganar ta ja baya, wadda ke ambaton cinna wa albarushi wuta ta fi ta yawo. Tamu maganar ba ta mutu ba. Abin da ya same ta shi ne ta ci gaba da yawo bayan an zare mata ciki.

Abin da maganar take nema

In an gama saƙa, ido tufa ɗaya yake gani. Ba ya bambanta abin da ke riƙe da tufar da abin da ke cike ta. Wanda ya warware zare da abawa ya kwance saƙar ne gaba ɗaya, ya ajiye wannan a gefe, ya ajiye wancan a gefe, yadda kowa zai ga abin da aka haɗa aka yi ta.

Haka labari yake. Kowane lamari yana da zarensa: wa ya yi, yaushe, a ina, nawa ne, wa ya sa hannu, ina kuɗin suka shiga. Waɗannan su ne ke miƙe daga farko har ƙarshe, kuma suna jure ja. Ko ka tambaya sau goma amsarsu ba ta canzawa. Yana kuma da abawarsa: dalili, uzuri, halin da ake ciki, niyyar da aka yi abin da ita. Ita ma gaskiya ce, kuma ba a raina ta. Lissafi tsura ba tare da dalili ba kamar wadari ne da ba a saƙa ba, babu mai iya rufa da shi. Amma bayanin da ya cika shi ne wanda ya kawo duka biyun, kuma ya raba su, har mai sauraro ya san wanne ne abin da ya faru, wanne ne abin da mai magana yake so a ji game da shi.

Akwai wani abu kuma. Bahaushe yana kiran tufa sutura, kuma sutura rufin asiri ce. Wanda ya warware tufa ya rasa ta. Saboda haka wanda ya warware zare da abawa ya yarda ya tsaya ba mayafi, ya fitar da har abin da ba zai yi masa daɗi ba. Bayanin da mai yinsa bai yi asarar komai a cikinsa ba, da wuya ya zama warwara.

Duba yadda Hausa ta tsara sauran maganganunta na wannan gida, za ka ga ba a yi su da ka ba. Wanda ya gano bakin zare ya samo inda zai fara ne, aiki na gaba. Mai tufka da warwara shi ne wanda ke rushe abin da ya gina da hannunsa. Mai saƙa da mugun zare makirci yake ƙullawa. Wanda yake saƙa yana warwarewa a zuci, tunani ne ya hana shi barci. Kowacce da matakinta. Warware zare da abawa ita ce ta ƙarshe a jerin, wadda bayanta babu sauran tambaya.

Yadda ake kashe ta a ɗakin labarai

To yanzu a dubi abin da ke faruwa. A nan arewacin Kamaru labari da Faransanci yake isowa, a juya shi zuwa Hausa da Fulatanci cikin gaggawa, agogo na bin mutum. Sanarwa ta zo da kanun "mise au point", ko a ce wane "s'explique". A Najeriya kuma jaridun Ingilishi su ce wane "clarifies". Duk waɗannan abin da suke nufi shi ne mutumin ya yi magana daga ɓangarensa. Ba su ce ya gamsar ba. Amma da sun shigo Hausa sai a ɗaura musu babbar riga: ya warware zare da abawa.

Darasin farko da ake koya wa ɗalibin aikin jarida shi ne ya jingina magana ga mai ita. "Ya ce", "in ji shi", "a cewarsa". Wannan ne ke raba bakin gidan rediyo da bakin wanda aka yi hira da shi. Amma "ya warware zare da abawa" ba jingina ba ce, hukunci ne. Gidan rediyon ne da kansa yake shaida wa jama'a cewa bayanin ya cika, an ga ciki da waje, a tashi. Alƙali ya yanke hukunci tun a kanun labari, kafin mai sauraro ya ji shaida ko ɗaya.

Ɗauki misali. Tsohon ma'aikaci ya yi wata huɗu bai ga kuɗin fanshonsa ba. Ya kunna rediyo ya ji an ce jami'in da abin ya shafa ya warware zare da abawa kan jinkirin. Ya gyara zama. Sai muryar ta zo: ana sane da halin da ake ciki, an kafa kwamiti, matsalar gadonta aka yi, a ƙara haƙuri, nan ba da jimawa ba. Babu rana, babu adadi, babu sunan wanda ya riƙe takardar. Wannan abawa ce zalla: ga kauri, ga laushi, ga ɗumi, amma ja ta kaɗan ka gani. Illar ba ta tsaya a kan tsohon ba. Maƙwabcinsa da ya ji kanun labarin kawai yana wucewa, gobe in tsohon ya yi ƙorafi zai ce masa, "Haba Baba, ai na ji an yi bayani." An karɓe masa har ikon yin kuka.

A labaran 'yan fim da mawaƙa abin ya fi yawa, sai dai a can ɓarnar ta fi sauƙi, don yawanci talla ce. Inda ta fi ciwo shi ne inda mai ƙarfi da maras ƙarfi suke jayayya: hukuma da waɗanda aka rushe wa rumfuna, kamfani da ma'aikatansa, jami'an tsaro da iyalan wanda aka tsare. Lura da kyau, mai karatu, ka ga wa ake ba wannan magana. Da wuya ka ji an ce 'yan kasuwar da aka kora sun warware zare da abawa. Su "kokawa" suke yi, ko "zargi". Mai ofis ne kullum yake warwarewa.

Abin da za a iya cewa a kare ta

Wani zai ce, ai haka harshe yake, ba sai an san asalin magana ake amfani da ita ba. Muna cewa wane ba shi da ko anini, alhali yawancin masu faɗar ba su taɓa riƙe anini ba. Gaskiya ne. Amma "ko anini" tana nan a kan ma'anarta, ba ta koma nufin mai ɗan abin hannu ba. Ba ina kukan cewa mutane sun manta mazari ba ne kawai. Kukana shi ne ma'anar ta zame, kuma ta zame ne zuwa ɓangaren da ke amfanar mai iko. Sanin abawa shi ne turken da zai hana ta ci gaba da zamewa.

Wani kuma zai ce kunnen Bahaushe yana son adon magana, labari ba gishiri ba ya shiga. Wannan ma haka ne, kuma babu mai son a mayar da labaran Hausa busasshiyar fassara. Sai dai ado yana da daraja ne in ba kullum ake sa shi ba. Mai sauraro ba wawa ba ne. In ya ji maganar sau ɗari bai ga an warware komai ba, zai koyi cewa ba ta nufin komai. Ranar da wani ɗan jarida ya yi wata shida yana bin takardu, ya fito da lamari dalla-dalla da sunaye da ranaku, da wace kalma za a gabatar da aikinsa? An riga an kashe ta a kan sanarwar kwamiti.

A nan marubutan littattafan hikaya sun fi 'yan jarida adalci. A yawancin littattafan da na karanta, ba a kawo maganar sai an kai gaɓar da asiri ya daɗe a rufe, sannan wata tsohuwa ko wani amini ya zaunar da mutum ya faɗa masa komai, har da abin da zai sa shi kuka, har da laifin mai faɗar. Haka kuma dattijon da ke raba rigimar gona, ya bi iyaka tun daga kakanni, ya faɗi wanda ya ara da wanda ya saya da shekarar da aka dasa itacen da ke kan iyaka. Waɗannan sun biya kuɗin maganar kafin su ɗauke ta.

Yadda abawa ta bar gida

Ba laifin matasa ba ne da ba su san ta ba. An ɗauke ta ne daga gabansu. Ƙungiyar Ingila mai bunƙasa noman auduga, BCGA, wadda aka kafa a 1902, ta zo arewacin Najeriya da burin kwasar auduga zuwa masaƙun Lankasha, ta kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da wasu garuruwa, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Da farko masu kaɗi da masaƙan gida sun gagare ta, don sun fi ta sayen auduga da tsada. Amma sannu a hankali yadin kanti da zaren inji suka cika kasuwa, aka buɗe masaƙar zamani ta Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya.

A wannan ɓangaren namu, kamfanin Faransa na CFDT ne ya shigo da noman auduga na sayarwa a farkon shekarun 1950. An kafa CICAM a 1965, da masana'antar kaɗi da saƙa a nan Garwa, sannan Sodecoton ta karɓi ragamar noman a 1974, hedkwatarta ma a nan take. A wasu shekarun baya-bayan nan abin da ake nomawa ya haura tan 300,000, mafi yawan audugar kuma waje ake fita da ita. Anguryar da kakanninmu ke fitarwa a kan magurji, yau ita ce man Diamaor da ke cikin tukwanenmu. Wannan ci gaba ne da ya ciyar da gidaje masu yawa, ba na musun haka. Amma sakamakonsa a harshe shi ne, auduga tana tashi daga gona ta hau mota, ba ta ƙara kwana a ɗakin tsohuwa. Yaron Garwa yana ganin manyan motoci shaƙe da ita suna wucewa, farin gashinta na maƙalewa a itatuwan bakin titi, amma bai taɓa ganin mazari yana juyawa ba.

Harshen dai bai daina haihuwa ba. Matasan yau suna cewa zaren ba kalar yadin ba ne, in abu biyu ba su dace ba. Magana ce mai kyau, kuma daga shagon tela ta fito, inda idonsu ke gani. Wannan ya nuna ba basira ce ta ƙare ba. Kowane zamani da abin da yake gani yake magana. Abin da ya rage a kanmu shi ne abin da muka gada mu riƙe shi da saninsa. Har yanzu akwai tsofaffin da suka yi kaɗi da hannunsu a unguwanninmu da ƙauyukanmu. Shirin rediyo na rabin sa'a da ɗaya daga cikinsu, da mazarinta a hannu, zai koya wa ɗakin labarai abin da ƙamus bai koya masa ba.

Kafin a rubuta kanun labari

Hausa ba ta rasa kalmomi ba. In mutum ya ƙi amincewa da zargi, ya musanta. In ya mayar da magana, ya yi martani. In ya kawo uzuri, ya kare kansa. In ya ƙara wani abu a kan abin da aka sani, ya yi ƙarin haske. In ya faɗi inda ya tsaya, ya bayyana matsayinsa. In ya daɗe bai tanka ba sannan ya tanka, ya magantu. In kuwa ya yi ta zagaye ne, akwai hanyar faɗar haka cikin ladabi: bai bayyana ranar da za a biya ba, bai amsa tambaya kan adadin ba. Kowacce daga cikin waɗannan tana faɗar abin da ya faru, ta bar wa mai sauraro hukunci.

Ita kuwa babbar maganar, a ajiye ta sai an yi mata tambaya uku. Bayan an ji bayanin, mai sauraro zai iya faɗar wa ya yi, yaushe, kuma nawa? An amsa ainihin abin da masu ƙorafi suka tambaya, ko wata tambayar daban aka amsa? Akwai abin da ya fito wanda mai maganar zai so a ce ya zauna a rufe? In amsoshin sun zama e, to a faɗe ta da baki cike, ta cancanta. In ba haka ba, edita ya mayar wa mai rahoto takardarsa ya tambaye shi: ga abawa na gani, ina zaren?